"Jikina Ya Ba Ni": Matsayin Firasar Ma'aikatan Jinya a Gefen Gadon Maras Lafiya



Akwai wata magana da duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibiti ya ji irinta. Dare ya raba, likita ya gama zagayensa ya tafi, na'urar da aka jona wa maras lafiya tana nuna lambobi marasa laifi, sai ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa, ta tsaya, ta ƙura wa wanda ke kwance ido, ta ce a kira likita yanzu yanzu. In aka tambaye ta abin da ta gani, sau da yawa amsarta ba ta wuce "bai yi mini ba" ko "jikina ya ba ni". Mutanenmu sun kasu biyu a kan wannan. Wasu na ganin shaci-faɗi ne, tun da aikin asibiti aikin awo ne da takarda. Wasu kuwa suna ɗaukar ta kamar mai duba, duk abin da ta faɗa ya zauna. Mu a wurinmu duka biyun sun kauce. Wannan ji na zuciya ilimi ne da ya daɗe a jiki har ya riga harshe fita, kuma ya cancanci a ba shi ikon tayar da mutane tsaye. Sai dai yana da iyaka, kuma sanin iyakar nan wajibi ne a kan ma'aikacin jinya da likita da mu dangin maras lafiya baki ɗaya.

Malamanmu na zaure sun san abin da suna. A littattafan da muka durƙusa a gabansu ana kiransa firasa, wato gane abin da ke ɓoye ta hanyar alamar da ke bayyane. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a Dimashƙa a shekara ta 751 bayan hijira, ya bambanta firasar da tushenta imani ne da wadda mutum ke samu ta hanyar horo, ya nuna cewa wannan ta biyun mumini da wanda ba mumini ba duk suna iya samunta, ya kuma ambaci cewa likitoci suna da tasu firasar da ke zuwa daga ƙwarewa a sana'arsu. A kan wannan ta ƙwarewa muke magana. Mun san ta a wasu sana'o'in ba tare da mun yi gardama ba. Dillalin da ya tsufa a kasuwar shanu ta Adumri yakan dubi sa daga nesa ya ce kada a saya, kafin ya buɗe bakinsa ya duba haƙori. Masuncin Binuwai yakan dubi launin ruwa da tafiyarsa ya ce yau ba ranar jefa koma ba ce. In ka matsa musu su kawo dalili sai su yi ta kame-kame, alhali dalilin yana nan: idonsu ya ga abin sau dubu, har ya zama yana gane shi kafin hankali ya gama lissafi.

Masu binciken zamani da suka bi sawun wannan al'amari a asibitoci sun iso wuri guda. Patricia Benner, malamar aikin jinya a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta fitar da littafi a 1984 inda ta kasa ma'aikatan jinya zuwa matakai biyar, daga ɗan koyo zuwa gwani. Ɗan koyo yana bin ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, yana auna zafin jiki, ya rubuta, ya auna bugun jini, ya rubuta. Gwani kuwa yana shiga ɗaki sai ya ga maras lafiya gaba ɗayansa, abin da ya sauya ya faɗo masa a ido. Bayan haka wata mai bincike, Beth Crandall, ta zauna da ma'aikatan jinya na ɗakin da ake kwantar da jarirai bakwaini, tana tambayarsu labarin lokutan da suka gane cewa ƙwayar cuta ta shiga jinin jariri tun gwajin jini bai nuna ba. Da farko sukan ce ji kawai suka yi. Da ta yi ta bin su da tambaya a hankali, sai alamomi suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya: launin fata ya ɗan dusashe, jaririn da ya saba motsi ya yi laƙwas, ciki ya ɗan kumbura. Da dama daga cikin waɗannan alamomi babu su a littattafan da ake koyarwa da su a lokacin. An buga sakamakon a 1993. Abin da muka ɗauka a nan shi ne, a ƙarƙashin "jikina ya ba ni" akwai abubuwa na zahiri da ido ya gani, hannu ya taɓa, kunne ya ji, baki ne kawai bai kai ga sa musu suna ba. Ruwa ba ya tsami banza.

In har wannan firasa tana da daraja a ƙasashen da kowane gado ke da na'urarsa, to a nan arewacin Kamaru darajarta ta ninka, saboda dalilai uku.

Na farko, yanayin aikin. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ga tsofaffi da ruwan jikinsu ya ƙare, ga fargabar sanƙarau a wannan yanki da cutar ta saba ziyarta da rani. Damina na sauka kuma, daga Yuli zuwa Oktoba, sai ɗakunan yara su cika da masu zazzaɓin cizon sauro, wasu suna jijjiga, wasu jininsu ya ƙare. Ga kuma 'yan babur da hatsari ke kawowa dare da rana. An gina sababbin asibitoci a garin nan cikin 'yan shekarun nan, an kuma buɗe Jami'ar Garwa a 2022 da sashenta na koyon likitanci, muna godiya ga Allah. Amma gadajen sashen kulawa ta musamman, wanda ma'aikata ke kira reyanimasiyon, ƙidayayyu ne a ko'ina, kuma mafi yawan waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa suna kwance ne a ɗakunan gama-gari ko a ƙananan asibitocin unguwa. A can, na'urar da ba ta jiran wutar lantarki ita ce idon mai aikin dare.

Na biyu, ita kanta na'urar tana da makanta, kuma makantar ta fi shafar mu. Ɗan ƙaramin abin nan da ake maƙala wa a yatsa domin auna iskar oksijin da ke cikin jini yana aiki ne da haske da ke ratsa fata. A ƙarshen 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka buga bincike da ya gwada abin da na'urar ke nunawa da abin da gwajin jini na haƙiƙa ya nuna. Suka tarar cewa a cikin baƙaƙen fata, yawan lokutan da na'urar ke cewa iska ta wadata alhali ta yi ƙasa sosai ya kusan ninka na fararen fata sau uku, kimanin 12 cikin ɗari a kan ƙasa da 4 cikin ɗari. Haka kuma littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa a duba ko fata ta yi fari ko ta yi shuɗi, alhali a jikinmu sai an buɗe tafin hannu, an ja fatar ido, an duba harshe da leɓe. Ma'aikaciyar jinyar da ta shekara goma sha biyar tana duban yaranmu ta san yadda baƙar fata ke yin toka-toka in jini ya ja baya. In na'ura ta ce lafiya, ita kuma ta ga yaro yana numfashi da haƙarƙari, hancinsa na buɗewa yana rufewa, wa ya fi cancanta a saurara?

Na uku, halinmu da harshenmu. Mu da maƙwabtanmu Fulani mun tashi da tarbiyyar ɓoye ciwo. Dattijo yana jin kamar ana tsaga masa ƙirji, a tambaye shi ya ce "da sauƙi". Mace mai naƙuda takan danne kukanta don kunya, musamman in surukarta na tsaye. Sannan ga matsalar harshe: likita yana Faransanci, ma'aikatan ɗaki suna Fulatanci, tsohuwarmu kuwa da ta zo daga ƙauye ko daga tsallaken iyaka Hausa kaɗai take ji, in ma tana jin Fulatanci na kasuwa ne, bai kai na bayanin inda ke yi mata ciwo ba. Inda magana ta gaza, sai a koma ga abin da Hausawa suka faɗa, labarin zuciya a tambayi fuska. Mai iya karanta fuskar nan shi ne wanda ya fi daɗewa a tsaye kusa da gadon, kuma a asibiti wannan ma'aikacin jinya ne, domin likita yana zuwa ne ya wuce.

To amma kada yabo ya rufe mana ido. Firasa tana kuskure, kuma kuskurenta a wannan fage kabari ne. Babban misalin da ya kamata kowa ya sani ya faru ne a nahiyarmu. Shekaru da dama likitoci da ma'aikatan jinya a duniya sun yi imani cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar, hannuwansa suka yi sanyi, jininsa ba ya gudana sosai, maganinsa a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya cikin gaggawa. Ido ma yana gaskata haka, domin ana ɗurawa sai a ga yaro ya ɗan farfaɗo. Sai aka yi gwaji a asibitocin Yuganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara 3,141, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathryn Maitland, aka buga sakamakon a 2011. Cikin kwana biyu, yaran da aka ɗura wa ruwan gaggawa sun mutu da kimanin kashi 10.5 cikin ɗari, waɗanda aka ba ruwa a hankali bisa ƙa'ida kuwa kashi 7.3. Dole aka tsayar da gwajin tun bai kai ƙarshe ba. Masu aikin da kansu sun girgiza, domin abin da idonsu ya shaida musu shekara da shekaru lissafi ya rushe shi. A lura da kyau, wannan gwaji bai haɗa da yaran da gudawa ta ƙarar wa da ruwa ba. Mai amai da gudawa, musamman a lokacin kwalara, ruwa ne ransa, kuma jinkirta shi halaka ne.

Me ya sa ido ya yi daidai a ɗakin bakwaini, ya yi kuskure a kan ƙarin ruwa? Masana biyu da suka daɗe suna saɓani a kan wannan batu, Daniel Kahneman wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2002 da Gary Klein, sun haɗu sun yi rubutu guda a 2009. Suka daidaita a kan cewa ana dogara da firasar gwani ne in sharaɗi biyu sun cika: alamomin su kasance masu maimaita kansu bisa tsari, kuma mai aikin ya daɗe yana ganin sakamakon hukuncinsa da wuri kuma a fili. Ma'aikaciyar jinyar da ta ga yaro ya yi laƙwas, bayan sa'a uku ta ga abin da ya biyo baya, ta koyi darasi, kuma za ta sake koyonsa sau ɗari. Amma bambancin mutum uku a cikin ɗari, wanda ke bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu, wataƙila a hannun wani ma'aikacin daban, babu idon da zai iya tara shi, sai alƙalami. Suka kuma yi gargaɗi cewa ƙarfin yaƙinin da mutum ke ji a ransa ba ya nuna ingancin hukuncinsa. Mu ƙara da abin da kowa ya sani: gajiyar daren da aka yi a tsaye, da son zuciya, da raina mutum don tufafinsa ko ƙabilarsa, duk suna iya shigowa cikin rigar firasa. "Wannan raki ne kawai" ita ma magana ce da jiki ke bayarwa, kuma ta kai mutane da yawa kushewa.

Daga nan ne muka ɗauki matsayinmu, kuma ƙa'ida ce mai sauƙin riƙewa. Zuciyar ma'aikacin jinya tana da ikon ta ce "akwai matsala" ko da lambobi sun ce babu; a nan a saurare ta, a kira likita, a sake awo. Ba ta da ikon ta ce "babu matsala" in lambobi sun ce akwai. Zaɓen magani da yawansa kuwa a bar wa abin da gwaji ya tabbatar. Asibitocin da suka yi nisa a kan haka suke tafiya. A farkon shekarun 1990 wani asibiti a birnin Sidni na Ostireliya ya kafa ayarin gaggawa da kowane ma'aikacin jinya zai iya kira, aka jera sharuɗɗan kiran da lambobi, sannan aka ƙara sharaɗi guda a ƙarshe: duk maras lafiyar da hankalinka bai kwanta da shi ba. A Ingila kuma, tun 2012 ake amfani da wani ma'auni na ƙasa baki ɗaya da ke tara maki daga abubuwa shida, wato saurin numfashi, da iskar oksijin, da zafin jiki, da hawan jini, da bugun zuciya, da kasancewar mutum cikin hayyacinsa. Amma waɗanda suka tsara shi sun bayyana cewa damuwar ma'aikaci ta isa a nemi taimako ko da makin bai kai ba. Mafi yawan waɗannan awo ba sa bukatar komai sai agogo da ma'aunin zafi da yatsu biyu. Babu abin da zai hana ƙaramin asibitin unguwa ya yi aiki da su.

Wani zai ce, in aka buɗe wannan ƙofa ai likita ɗaya da ke riƙe da ɗakuna huɗu ba zai runtsa ba, kuma yawancin kiran zai zama na banza. Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma a ɗora su a sikeli: kiran da ya zama na banza ya ci barcin minti ashirin, kiran da aka fasa yi don tsoron tsawa ya ci rai. Kuma akwai hanyar rage na banzan. Ma'aikacin jinya ya saba wa kansa, duk lokacin da jikinsa ya ba shi, ya tsaya minti ɗaya ya ƙirga numfashi, ya taɓa hannu da ƙafa, ya yi wa maras lafiya magana ya ji yadda zai amsa, ya tambayi yaushe rabonsa da fitsari, sannan ya je wa likita da ji da kuma hujja. Manyan ma'aikata kuma su riƙa zama da ƙanana bayan kowane lamari, su warware musu abin da suka gani, kamar yadda malamin zaure ke fassara wa almajiri kalma kalma. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma babban yana iya nuna masa inda zai duba. Wannan ne kuma ya sa muke roƙon masu iko da su yi tunani kafin su ɗauke gogaggen ma'aikaci daga ɗakin da ya shekara goma a ciki su kai shi ofis, domin idon nan ba ya shiga takardar miƙa aiki.

Saura namu kason, mu dangi. A asibitocinmu mai jinya, uwa ko 'ya ko ƙanwa, ita ke kwana a tabarma a gindin gado, ita ke wanki da ba da abinci da sayo magani. Ita ma tana da tata firasar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A Ingila wata yarinya 'yar shekara 13, Martha Mills, ta rasu a 2021 bayan ƙwayar cuta ta shiga jininta tana kwance a asibiti, iyayenta suna ta nuna damuwa ba a ɗauki mataki da wuri ba. Binciken hukuma ya nuna da an kai ta sashen kulawa ta musamman da wuri, da alama da ta rayu. Saboda ita, daga 2024 aka fara ba dangi a asibitocin ƙasar damar kiran wani ayarin likitoci na daban in sun ga nasu yana lalacewa. Mu ba mu da wannan tsari, amma muna da baki, sai mu koyi amfani da shi.

Mu bar cewa "jikin ne dai" kawai. Mu faɗi abin da ya sauya da lokacin da ya sauya: tun la'asar bai karɓi nono ba, tun safe bai yi fitsari ba, ɗazu yana gane mutane yanzu ba ya ganewa. Mu haddace alamomin haɗari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera a kan ƙananan yara: kasa sha ko kama nono, amayar da duk abin da aka ba shi, jijjiga, da yin laƙwas ko fita hayyaci. Numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga yaro daga wata biyu zuwa shekara, ko 40 ga mai shekara ɗaya zuwa biyar, ya yi sauri. In mai jinyarmu ba ta jin Faransanci ko Fulatanci, haƙƙi ne a kan unguwa ta haɗa ta da wanda ke ji, kuma matasanmu 'yan makaranta su ɗauki wannan a matsayin aikin lada. Mu daina matsa wa ma'aikata sai sun rataya ledar ƙarin ruwa, kamar in ba a ga leda ba ba a yi magani ba; labarin yaran Yuganda ya ishe mu wa'azi. Kada mu ɓoye jiƙo ko maganin kasuwa da muka riga muka bayar a gida. In ma'aikaciyar jinya ta ce a ɗauke shi zuwa babban asibiti yanzu, kada mu ce sai gari ya waye, ko sai an yi shawara da maigida da ke Yawunde. Kuma kada mu duba addininta ko garinsu kafin mu ɗauki maganarta. Sannan mu tura 'ya'yanmu, maza da mata, makarantun aikin jinya, domin a samu a gefen gado wanda ya san abin da tsohuwarmu ke nufi in ta ce "da sauƙi" tana cije leɓe.

Rai a hannun Allah yake, ajali kuma ba ya jinkiri. Amma an umurce mu da riƙon sababi, kuma daga cikin sababan da Allah ya ajiye mana akwai idon baiwar Allah da ta hana kanta barci tana kallon numfashin ɗanmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da ma'aikatan asibiti da alheri, ya ƙara musu basira da haƙuri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.